Malachy Gilheany, Mutumin da Ya San Hannuna

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya yi wa Malachy Gilheany rasuwa a shagonsa da ke garin Drumshanbo, yana da shekara saba'in da tara. 'Yarsa Nuala ce ta kai masa shayi, ta tarar da shi zaune a teburin aiki, rai ya yi halinsa. Malachy, da kai nake magana, don ban san wanda zan gaya wa abin da ke cina ba.

Shekara hamsin ka yi kana saye da sayar da tsofaffin banjo, molayen Turawa masu tsirkiya huɗu, yawancinsu waɗanda 'yan'uwanmu da suka tafi neman abinci Amurka suka aiko gida, aka tura ƙarƙashin gado aka manta. Da yatsa kake ƙwanƙwasa ƙwaryar ka faɗi itacen da aka sassaƙa ta da shi. Kai ka koya mana cewa zoben tagullar da ke ƙarƙashin fata shi ne maƙogwaron banjo: mai nauyi yana ba da murya mai kaifi da ke ratsa hayaniyar mashaya, wanda ba shi da zobe kuwa muryarsa a dushe take, ta zaman ɗaki ce. In damshi ya sa fatar maraƙi ta saki, kusa da murhu kake kanga ta, kana mita.

Ba ka taɓa sayar wa mutum ba sai ya zauna ya kaɗa ka ji. Ina nan ranar da wani mai babbar mota ya zo daga Dublin, yana son wanda zai rataya a bangon falo. Ka dube shi sama da ƙasa ka ce, "Yallaɓai, je ka sayi agogo, shi ma yana ratayuwa." Ina nan kuma ranar da wata gwauruwa ta kawo na mijinta za ta rabu da shi. Ka sa masa sabbin tsirkiyoyi, ka ce ta koma da shi gida, jikarta na da yatsun kiɗa.

Ni kuwa, Fintan, abokin faɗanka, shekara arba'in muna zaman kiɗa tare duk Alhamis. Da sanyin ƙashi ya kama hannuna na hagu, na yi ta cika baki cewa ciwon bai taɓa kiɗana ba. Kowace kaka sai ka fizge banjona ka ce, "Kawo wannan tsohon kwanon naka, kunnena ya gaji da kukansa." In ce maka, "Kunnenka ne ya ruɓe, tsohon banza." Bayan mako guda ka dawo mini da shi, in ji ya yi laushi a hannu, in ce lallai ni gwani ne. Wata shekara ma ka rantse wuyansa ya lanƙwashe, ka sa mini gajere. Na yarda.

Kwana uku kafin ka tafi, ko kaka ba ta yi ba, ka sake karɓe banjona, ka wargaza shi, wuya daban, fata daban. Ana gobe jana'iza Nuala ta ce, "Kawu Fintan, kai za ka yi wa Baba kiɗan bakin kabari. Shiga shago ka ɗauki banjon da ka ga dama."

Na shiga. Na sauko da na farko daga bango, yatsuna suka kasa danne tsirkiya. Na ce wannan bai gyaru ba. Na sauko da na biyu, na uku, har na bi bangon nan kaf, gumi yana keto mini. Kayan da ka gyara da hannunka, waɗanda ko ɗan koyo zai kaɗa, ko baiti ɗaya ban iya fitarwa ba.

Ina tsaye Nuala ta miƙo mini gwangwanin taba da sunana a jiki. A ciki akwai jakai goma sha ɗaya, 'yan itatuwan nan da tsirkiya ke hawa a kan fata. Kowanne ka rubuta shekararsa da fensir, kowanne ya fi na gabansa gajarta. Ashe shekara goma sha ɗaya kana sauke tsirkiya tana bin hannuna, kana sa mini sirara, ni kuwa ina ta alfahari a gabanka.

"Ya ce in na gaya maka sai ya tsine mini," in ji Nuala.

A bakin kabarinka hannu rabbana na tsaya, Malachy. Wasu suka yi maka kiɗa, ni ina kallon ƙasa. Wallahi na ji kunya, kuma ina jin haushinka. Me ya sa ba ka rubuta yadda ake yi ba? Me ya sa ba ka koya wa kowa ba? Kiɗan nan shi kaɗai ya rage mini tun da matata ta rasu, ka fi kowa sani. Alhamis biyu ke nan ban fita ba, ina tsoron ba zan ƙara fita ba.

Jiya na kwashi gutsattsarin banjona na kai wa wani mai gyara a garin Sligo. Mutumin kirki ne, ya ce zai haɗa. Ya ɗauki ma'auni ya tambaye ni, "Baba, yaya kake son tsayin tsirkiyar?" Ban sani ba. Wanda ya sani mun binne shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Nuala da ƙannenta Colm da Sorcha, da duk makaɗan yankinmu na Leitrim da suka yi rashin uba. Allah ya ba ku haƙuri da dangana, ni ma ku sa ni a addu'a, don ban samu ba tukuna. Malachy, Ubangiji ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutawa ta har abada. Ya rufa maka asiri a can kamar yadda ka rufa mini a nan.