Ranar da Aka Zo Ƙara wa Gwaggo Shekaru

Ko na manta komai na zamana a Makka, ban da ranar da ɗan gwaggona ya diro daga Turai, wai ya zo ƙara wa uwarsa tsawon rai.

Gwaggo ta zo aikin hajji tun ina yarinya, ta ƙi komawa. Ba ta da takardar zama, kuma ba ta taɓa ɓoye abin da ya zaunar da ita ba: so take ta mutu a nan, a sallace ta a Harami. Ni nake riƙe da ita a ɗakinmu na unguwar Ka'akiyya, ina tuyar masa ta sayarwa, tana gefe tana kushe mini miya.

Yayan nawa ya shigo da agogo mai ƙirga masa taku da bugun zuciya, ga akwatin ƙwayoyi, kowace rana da ɗakinta. Na ajiye masa abinci, ya ce mai ya yi yawa. Shayi ma ya ce guba ne saboda sukari. Mutumin da benenmu hawa biyu ya sa shi haki kamar ɗan tsere, alhali tsohuwar kullum da jarkar zamzam take hawansa!

Bayan la'asar ya fito da abin da ya kawo shi. Wai ta miƙa kanta ga hukuma a mayar da ita Najeriya, daga can ya ɗauke ta zuwa inda likitoci ba sa barin tsoho ya mutu da wuri. Kowa ya san idan aka ɗauki hoton yatsunta aka fitar da ita, ita da Makka har abada. Ga shi ɗanta ne tilo, ta daɗe tana kewarsa, na ga idonta ya fara laushi.

Haushi ya ishe ni, na ce ai na ji a rediyo su ma can ƙarin shekarun ya fara tafiyar hawainiya. Ya harare ni, amma ya amsa. Wai a da 'ya'ya sukan zarce iyayensu nesa a tsawon rai, yanzu kuwa da ƙyar abin ke motsawa, ga ƙiba, ga damuwa. Gwaggo ta yi dariya har da tari, ta ce ashe da duk kuɗin nan su ma sun ƙure. Sannan ta gyara zama.

"To, ɗan nan, na bi ka, na samu 'yan shekarun. Ranar da na cika, mutum nawa za su sallace ni?"

Ya duba agogonsa, kamar a can amsar take. Ya ce idan ranar aiki ce, da wuya a cika sahu ɗaya, shi ma sai ya nemi izini a ofis.

"Kalas, magana ta ƙare," ta ce. "Miƙo masa masar nan, ya ci ya tafi."

Ya koma yana fushi, ya ce ni na zuga ta. Ban musa ba.

Gwaggo ta ƙara shekaru masu yawa tana cin mai da sukari. Ranar da ta rasu, an sallace ta bayan azahar, Harami cike maƙil, ina cikin mata ina kukan da ban san na baƙin ciki ne ko na daɗi ba. Yayana bai zo ba, yana layin ganin likitan zuciya.

Tun daga nan na daina yi wa tsoho lissafin shekaru. Kafin ka ja shi inda zai daɗe, fara tambayarsa inda yake so ya ƙare.