Ruwan Ɗumi a Butar Baba

Inna ta rasu a shekarar da sojoji suka miƙa mulki. A lokacin ina karanta labaran Hausa a wani gidan rediyo a Legas, Baba kuwa yana ɗakinsu na Agege, daf da layin dogo. Aikin fawa a mayanka ya bar masa sanyin ƙashi a yatsu, don haka kullum Inna takan ɗumama masa ruwan alwalar azahar, ta ajiye butar a bakin ƙofa.

Bayan sadakar arba'in Baba ya fara cewa ba ta daina ba. Idan ya dawo daga hira da tsofaffin mahauta, sai ya tarar da butar cike, ruwan da ɗuminsa. Yayata ta tsorata. Ta ce a mai da shi Arewa wajen ƙannensa tun kafin ya fara magana shi kaɗai a titi, kuma ta bar shawarar a hannuna. Baba bai yi musu ba. Ya dai rage cin abinci.

Idonsa ya yi rauni, saboda haka kowace Asabar nakan hau motar haya ta danfo in je in karanta masa littattafan da Inna ta bari. Ƙananan littattafan labarai ne da wani mutum ke bazawa a gefen layin dogo. Ni dai raina su nake yi. A wurin aiki an horar da mu kada mu faɗi abin da ba mu tabbatar ba, su kuwa a cikinsu mace za ta je cefane ta tarar mai tumatir aljana ce, su tsaya suna ciniki.

Ranar farko na ɗauko labarin wani tela da ya mutu ya dawo don ya ƙarasa rigar wata amarya. Na karanta ina jan murya, da 'yar dariya a ciki.

"Kai," in ji Baba, "da wannan muryar kake karanta jawabin gwamna? Yi mini irin wadda nake ji a rediyo."

Na gyara zama na karanta yadda na saba, ba ɗagawa ba saukewa. Sai na ji labarin ya tsaya da ƙafarsa. Marubucin ya san ƙarar keken ɗinki, ya san yadda tela ke riƙe allura a leɓe, kuma ta ƙofar da kowa ke shiga mamacin ya shigo. Ba wanda ya yi ihu. Matarsa ma tsawa ta yi masa don ya bar zare a ƙasa. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce a miƙo masa burodi.

Duk da haka hali bai bar ni ba. Wata Laraba na zo ba sanarwa, na zauna a bencin mai shayi da ke kallon ƙofarmu. Kafin kiran salla sai ga maƙwabciyarmu mai sayar da burodi, Kirista 'yar kudancin Kaduna, riƙe da tukunya tana tururi.

"Oga mai labarai, ka kama ni," ta ce. "Mama ce ta sa ni. A asibiti ta riƙe hannuna ta ce yatsun tsohon nan ba sa son sanyi. Kada ka sa ni a rediyo fa!"

Da Baba ya dawo na gaya masa, don ban iya riƙe labari ba. Ya saurara har na gama, yana juya hannunsa cikin ruwan.

"Kai da bincikenka. Ai na san ƙarar silifas ɗinta tun ranar farko. To, wa ya aiko ta?"

Na kalli butar.

"Ɗauko littafin," ya ce. "Telan nan bai gama hannun rigar ba."

Washegari na je wajen Yaya na ce Baba ba inda za shi. Ta tambaye ni ko na gano mai zuba ruwan. Na ce na gano, Inna ce. Da muryar aiki na faɗa, kuma na bari ta gama kallona kafin in ba ta sauran bayanin.