Kukumata a Cikin Masu Jita

A shekarata ta biyu a Dubai nake aiki a siton wani Alhaji ɗan Kano, a Ras Al Khor. Kayan gyaran mota yake turawa gida, ni kuma in duba su kafin a loda kwantena. Mu shida ke kwana a ɗaki ɗaya a Al Sabkha, don haka ranar hutu sai in ɗauki makullin sito in hau bas in tafi can in sarara. Ina tafiya da kukumar da kawuna ya haɗa mini tun ina makarantar sakandare, ƙaramin goge mai tsirkiya ɗaya ta gashin doki. Ba na iya goga ta a ɗaki, don abokan kwanana sun ce tana sa musu kewar gida.

Wata Asabar bayan azahar ina zaune a kan taya ina gogawa, sai na ji wani sauti yana ratso bangon kwano daga siton da ke jikin namu. Da farko kamar goge ɗari ake ja a hankali daga nesa. Can sai jita ta shigo da ruri, ganga ta biyo ta, har ƙananan kusoshin da ke kan kanta suka fara rawa. A saman wannan duka muryar mace ta tashi, siririya, tana hawa ba ta gajiya. Na ajiye bakan gogawa na jingina kai da bango. Zafin rana ya sa titin waje yana ƙyalli kamar ruwa, ni kuwa na rasa ko barci nake ko ido biyu.

Mako uku ina saurarensu. A na huɗu, da suka tsaya hutawa, na ɗauki kukuma na maimaita waƙar matar yadda kunnena ya riƙe. Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani Ba'indiye ne mai tabarau, gashinsa ɗaure a ƙeya.

"Ɗan'uwa, mene ne wannan abin da ke kuka a nan?" ya tambaye ni da Turanci.

Na nuna masa. Ya juya ta a hannu, ya shafa fatar, ya ce, "Tsirkiya ɗaya tak? Yalla, zo ka ga mutanena."

Ashe ƙungiyar kiɗa ce, kuma shi ne ya kafa ta. Injiniyan na'urar sanyaya ɗaki ne, kuma shi ke kaɗa fiyano. Gogunan nan ɗari da nake ji duk daga kwamfutarsa suke fitowa, shi ya tsara su ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai jita ɗan Lebanon, dogo mai yawan dariya, da mawaƙiyar, ma'aikaciyar jinya daga Filifin, wadda tsawonta bai kai kafaɗata ba. Mai gangar kuwa shi ne na uku da suka yi. Biyun farko duk sun bar ƙasar. Kiɗansu shi ake kira metal, amma irin wanda ake haɗa shi da simfoni, wato kiɗan taron goguna na Turawa, waƙa ɗaya sai ta yi minti goma sha huɗu tana sauya tafiya. Da na tambayi mai fiyanon me ya sa nake ɓata idan na bi ta da tafi, sai ya ce ai bakwai-bakwai ake ƙirga wannan wajen, ba huɗu-huɗu ba.

A tsakiyar doguwar waƙarsu akwai inda komai ke lafawa, kamar an fito daga kasuwa an shiga masallaci. Ya daɗe yana neman abin da zai sa a wurin bai samu ba. Ya ce in gwada. Na rufe ido na ja baka, na goga wani take da kawuna kan yi wa manoma idan an tashi daga gona. Da na buɗe ido, mawaƙiyar tana zaune a ƙasa ta rungume gwiwoyinta.

"Khalas, shi ke nan," in ji mai jitar. "Habibi, ka zama namu."

Minti biyu ne rabona a waƙar, kuma shekara huɗu na yi ina zuwa saboda su.

Alhaji ya gano ne wata rana da ya biyo ɗaukar wasu takardu. Ya leƙo siton da ke jikin namu ya same ni tsakanin manyan lasifikoki, hula a kaina, kukuma a cinya. Na miƙe na gaishe shi.

"Kai kuma me ya haɗa ka da masu gashin nan?"

"Ranka ya daɗe, kiɗa ne kawai."

"Ka dai yi la'asar?"

"Na yi, Alhaji. Sukan tsaya su jira ni."

Ya tsaya a bakin ƙofa yana jan carbi har matar ta kai ƙarshen baitinta. Sannan ya ce, "Wannan baiwar Allah tana da maƙogwaro," ya juya ya tafi. Bai sake yi mini maganar ba.

Sau ɗaya muka yi wasa a gaban jama'a da wannan zubin namu na farko, a wani ƙaramin zaure kusa da Al Rigga, da yamma. Kusan kowa baƙaƙen kaya ya sa, ni kaɗai ne da farar kaftani. Da aka zo wurina, fitilu suka koma shuɗi, hayaƙin dandamali ya rufe mini ƙafafu, na ji kamar a kan gajimare nake tsaye. Mutanen da suke ta kaɗa kai da ƙarfi suka tsaya cak. Ban ga fuskar kowa ba. Ƙamshin gero da aka yanka sabo kawai nake ji, alhali na san babu gero a wurin.

Mawaƙiyar ce ta fara tafiya. Ta sami aiki a wani asibiti a Kanada. Ranar bankwana ta kawo mana taliya a babbar roba, muka ci a zaune kan akwatunan lasifika, ta ƙi yin waƙa ko baiti ɗaya. Wata biyu muna kiɗa babu murya. Sai aka samu wata Bamisriya mai koyar da yara a makaranta. Muryarta mai kauri ce, ba ta kaiwa inda waccan ke kaiwa, don haka mai fiyanon ya sauko da waƙoƙin gaba ɗaya. Ni ma dole na sassauta tsirkiyata. Taken kawuna ya koma ƙasa-ƙasa, kamar tsoho ne ke yin sa.

Bayan shekara kamfanin da mai jitar ke wa aiki ya rufe, bizarsa ta tafi da shi. Ya yi ta neman wani aikin har kwanakin da aka ba shi suka ƙare. Ya bar mini wata baƙar riga mai zanen ƙungiyar, wadda ban taɓa sawa ba. Wanda ya maye gurbinsa ɗan Pakistan ne, hannunsa ya fi sauri, amma ba ya dariya idan ya yi kuskure. Mai ganga ma ya sake canzawa, har ban riƙe fuskar na huɗun sosai ba.

Ban taɓa zaton mai fiyanon zai tafi ba. Wata Asabar ya ce in raka shi bakin fadamar da ke bayan unguwar, inda dogayen tsuntsayen nan masu launin hoda ke tsayawa da ƙafa ɗaya a ruwa. Dogayen benayen birni suna can nesa, sun yi dishi-dishi kamar zane. Ya ce mahaifiyarsa ta tsufa, ba ta da kowa a gida sai shi.

"To ƙungiyar fa?" na tambaya.

"Tana nan. Na bar wa malamar komai a kwamfuta. Kai ne yanzu ka fi kowa daɗewa, ka riƙa gaya musu yadda abin yake."

Na ce ni da ko rubutun kiɗa ban iya karantawa ba. Ya ce shi ya sa, ni a kunne na ajiye.

Haka na zama dattijon ƙungiyar da ban kafa ba. Babu ko ɗaya daga waɗanda suka fara ta, amma sunan yana nan, waƙoƙin suna nan. Idan sababbi suka yi gardama kan inda ganga ke shigowa, sai su juyo wurina, in rera musu da baki. Wani lokaci muna tsakiyar kiɗa sai in ji muryar farkon nan can sama da ta Bamisriyar, in waiga, in ga babu kowa sai fanka tana juyawa.

Ni ma lokacina ya zo. Na yi aure, matata ta iso, Alhaji kuma ya mayar da ni sabon sitonsa da ke da nisa sosai. Suka samo wata ɗaliba 'yar Sudan mai goge irin na Turawa, na yi Asabar uku ina koya mata minti biyuna. Akwai wani sauti a taken da ta kasa samu a takardarta. Ta ce, "Ammu," wato baffa, "wannan a ina yake? Ba ya cikin rubutu."

Na kama ɗan yatsanta na matsar da shi kaɗan a kan tsirkiya. Ta ja baka, sautin ya fito. Ta sake ja har sau uku, sannan ta ɗauki fensir ta yi wata 'yar alama tata a gefen takardar.

Na yi musu sallama kafin magariba. A bas na sa kukumar a kujerar da ke gefena, na kira matata na tambaye ta ko in biya Al Sabkha in sayo mana burodi.