Masu Gabas Guda

Sana'ata kafa dish, wannan faffaɗan farantin da ke kamo tashoshin talabijin daga tauraro. Duk gidan da na shiga aiki, kafin in kwance jakar kayana akwai tambayar da nake yi wa masu gida, kuma har yau in na yi ta sai tsikar jikina ta ɗan tashi. Ba wata doguwar tambaya ba ce: ina gabas? Kakata ce ta ɓata mini wannan kalma tun ina ƙarami, Allah Ya jiƙanta.

Ige muke ce mata. A Tsamaye take zaune a lokacin, mu kuma akan kai mu wurinta daga Sabon Birni da kaka, in an gama yankan gero. Bayan sallar lisha sai ta tara karan dawa a tsakar gida ta hura wuta, ta zuba gujiya a cikin toka, mu kewaye ta. Gajeruwa ce, baƙa, da zanen Gobirawa tun daga gefen baki har kunne, in harshen wuta ya taso sai ka ga kamar zanen yana motsi. Ni take kira angonta, kuma ba ta raga mini. In na miƙa hannu cikin toka sai ta buge shi, ta ce wane irin miji ne wannan, bai kawo cefane ba sai ci.

Tatsuniyoyinta na dariya ne yawanci. Amma akwai wani dare da gajimare ya rufe wata, sai ta ce, "Ku matso. Wagga ba ta da ga-ta-nan, don ba tatsuniya ta ba."

Wai wani bafatake ne ya taso daga arewa da jakunansa ɗauke da kanwa, za shi Isa. Hadari ya rufe sama tun hantsi, bai ga rana ba har yamma, hanya ta ɓace masa a bakin gulbi. Yana cikin lalube sai ga gari a gabansa, da ganuwa da ƙofa, a wurin da bai taɓa sanin akwai gari ba. Ya shiga ya yi sallama, aka amsa. Mutane ne masu kirki, tufafinsu fari fat. Abu ɗaya ya dame shi. Mai zaune a ƙofar gida, da mai daka, da yaran da ke wasa, kowa fuskarsa wuri ɗaya take kallo. Ko da suna gaishe shi, ba wanda ya juyo.

Wani tsoho ya miƙo masa ruwa a ƙoƙo. Bafatake ya karɓa, ƙishi kamar ya kashe shi, amma ya ce a fara nuna masa gabas don ya gane hanyarsa. Garin nan kaf, babba da yaro, suka ɗaga hannu lokaci guda suka nuna inda suke kallo. Ya ce a'a, ba ta salla yake nufi ba, ta hudowar rana yake tambaya. Sai tabarya ta tsaya, wasan yara ya tsaya. A nan Ige takan rage murya har sai mun kusa faɗawa cikin wuta.

"Rana?" in ji tsohon. "Mun daɗe ba mu da labarinta. Mu nan gabas guda gare mu. Sha ruwa, baƙo."

Bafatake ya ajiye ƙoƙon a hankali, ya kama wutsiyar jakinsa ya rufe ido, ya bar dabba ta ja shi. Da gari ya waye ya waiga, babu ganuwa babu ƙofa, sai kufan Alkalawa, tsohon birnin Gobirawa, da kushewu jere, ga kuma ƙoƙon ruwa a kan ɗaya daga cikinsu.

Ba ta rufe da ƙurunƙus ba. Ta tona gujiya ta raba mana, ta ce, "In kunka ɓace kunka tambayi gabas, ku tsaya ku ji amsa. Mai rai shi kan ce, wacce, ta rana ko ta salla? Wanda duk yan nuna maka guda bai tambaya ba, kak ka sha ruwanai." Ranar da fitsari na kwana a mara, ban yarda na fita bayan ɗaki ba. Na daɗe kuma ina leƙen fuskar duk wanda ya ba ni ruwa a hanya.

Shekaru suka wuce, na girma, na buɗe ɗan shagon gyaran rediyo da talabijin a Isa. Ige ta tsufa tukuf, aka dawo da ita gidan mahaifina a Sabon Birni. Mahaifina malamin Islamiyya ne, shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, Malam take ce masa kamar kowa. Burinta ɗaya a duniya ta je Makka. A shekarar da kujera ta samu, a shekarar ƙafafunta suka ƙi, likita ya ce ko Sakkwato ba za ta iya kaiwa ba. Sai autanta, Kawu Sani, wanda ya riga ya sauke nasa faralin, ya tafi ya yi mata. Kafin ya tashi ya sayi dish irin na wancan zamani, ƙato mai raga, da jak, wato hannun ƙarfen da ke tura shi daga wannan tauraro zuwa wancan. Ya ɗauko wani mai kafawa daga birni ya kafa shi a bayan gida. Ya yi wa uwarsa alkawari cewa ranar Arfa za ta ga filin da ake tsaye da sunanta.

Ana gobe Arfa aka aiko mini in zo maza. Tashar da mai kafawa ya bari tana fitowa tas, amma da an danna a juya zuwa tashar Saudiyya sai jak ya kama gurnani, dish ya yi ta tafiya, ya wuce, ya je ƙarshen iyakarsa ya sunkuya wajen katangar gida ya tsaya. Bayan katangar nan kuwa maƙabarta ce. Talabijin ba hoto, sai wani shuu kamar taron mutane suna raɗa. Matan gida sun daina zuwa bayan gida su kaɗai, wai abin ya ga wani abu ne.

Na yi musu dariya, na ce aikin ɗan lokaci ne. Irin wannan jak ƙirga juyinsa yake yi, in wuta ta ɗauke yana cikin tafiya sai lissafi ya ɓace masa. Na mayar da shi farko na sa ya sake ƙirga. Bai yi ba. Na bi waya tun daga risiba har sama, ko ɓera ya ci, lafiyarta lau. Na zuba wa jak baƙin mai. Na rataya dutse a zare na gwada sandar da ke ɗauke da dish, a miƙe take. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in na juya shi wajen gabas sai na danna bakinsa ƙasa da hannu kafin sigina ta ɗan motsa, in na juya shi yamma kuma sai na ɗaga shi sama. Da na saki, ta tafi.

Magariba ta same ni a kan tsani. Na aika a danna mini sau ɗaya na ƙarshe. Jak ya yi gurnaninsa, farantin nan ya juyo a hankali ya wuce ta gaban fuskata, ya je ya sunkuyar da kai wajen kushewu. Wallahi na san ƙarfe ne, na san dalilin tsayawarsa a nan, iyakarsa ke nan. Amma na sauko daga tsanin nan da sauri fiye da yadda na hau.

Na shiga ɗakin Ige raina a ɓace. Tana kwance, an ajiye mata kaskon wuta don sanyi, Malam yana zaune a gefenta. Ta ce ango ya dawo hannu wofi kamar yadda ya saba. Ban iya dariya ba. Na tambayi Malam yadda mai kafawar nan ya yi aikinsa. Ya ce ba abin da ya gani na kuskure, mutum ne mai natsuwa, ya ma ce na'urarsa ta duba kusurwa ta lalace, sai ya tambaya ina gabas don ya fitar da kudu daga nan, shi kuma ya nuna masa.

Daga cikin bargo Ige ta ce, "Wacce?"

Malam ya ɗaga hannu zai nuna, hannun ya tafi inda ya saba tafiya sau biyar a yini, sai ya tsaya da shi a sama. Ige ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Malam," ta ce, "ashe kai ma ɗan garin na."

Shi ke nan ciwon. A wurinmu in ka ce gabas, alƙibla ake nuna maka, ita kuwa ta karkata arewa da gabas ta ainihi. Taurarin nan a jere suke a sama kamar baka, kuma dole gindin dish ya dubi kudu sak kafin jak ya bi layinsu. An fitar da kudu daga gabas ta salla, sai duk layin ya goce. Mai kafawa ya lallaɓa ya kama tauraro ɗaya, ya ga hoto, ya tafi abinsa.

Sanin ciwon bai ba ni barci ba, don ba ni da abin auna kudu sai rana, ita ma sai ta tsaya tsaka. Can kuwa suna gabanmu da lokaci, kafin mu yi la'asar rana ta faɗi a Arfa an watse. Da safe muka kafa sanda a fili ni da Malam. Wannan fanninsa ne, da inuwa ya koyi lokacin azahar tun yana yaro. Muka tsuguna muna bin inuwar da tsinke tana gajarcewa, har ya ce ta tsaya. Na ja layi a ƙasa. Na sassauta notocin gindi, muka taru da maƙwabta muka murɗa dish har ya hau layin, na ɗaure, na mayar da jak farko, na gyara tsayin farantin. Na danna. Ya yi gurnani ya tafi, sai kuma ya tsaya a tsakiyar hanya, kansa a sama. Daga cikin gida na ji salatin mata.

A kan tabarma aka ɗauko ta aka kawo ta gaban talabijin. Idonta ya yi rauni, sai da aka matsar da ita har numfashinta yana taɓa gilashin. Fili ne iya ganinka, cike da mutane cikin farin ƙyalle, hannuwa a sama, babba da yaro, kowa fuskarsa wuri ɗaya. Ta daɗe tana kallo. Na ɗauka Kawu Sani take nema, har na fara ce mata ba za a gane mutum ɗaya a wannan taro ba. Sai ta kamo hannuna.

"Angona, ka gane garin?"

Na gane shi. Na dubi fuskarta ina tsammanin tsoro, ban ga ko ɗigo ba, murmushi take yi, hawaye yana bin zanen kumatunta.

"In kun samu Sani ga waya," ta ce, "ku ce mai shi taho min da ruwansu. Ni za ni sha."

Ina yaro na ɗauki labarin nan a matsayin gargaɗi, wai in yi hankali da matattu. Da na kama sana'a sai na mai da shi darasin aiki, ban taɓa kafa sanda ban tambayi wacce aka nuna mini ba. Yanzu da furfura ta fara fito mini ina ganin ba tsoro Ige take koya mana ba. Mai rai yana da gona da kasuwa da hanyar Isa, dole ya san inda rana take fitowa, kuma bai kamata ya karɓi ƙoƙon nan ba tun yana da sauran tafiya. Bafataken bai ƙi ruwan don mugu ne ba, jakunansa ne ba su kai kaya ba tukuna. Ita kuwa ta riga ta sauke nata.

Kawu Sani ya dawo da zamzam a jarka. Ta ce a zuba mata a ƙoƙo, ba a kofi ba, ta shanye tas. Ba ta daɗe ba bayan nan. Muka kai ta bayan katangar, ina cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe ta, muka kwantar da ita a kan damanta muka juya fuskarta gabas. Ranar babu wanda ya tambayi wacce.