Labarin da Na Ba Baba a Wajen Shayi

Shekarun baya can, ina aiki a wani kantin magani a garin Madani na ƙasar Sudan, na tafka wata katoɓara da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Mahaifina manomi ne a ƙauyenmu na wajen Manajil. Ya daɗe yana ganin jini in ya yi bayan gida, ga rama, amma shi dai a wajensa basir ne. Da ƙyar na samo masa ranar da za a duba hanjinsa da na'ura, na je ɗaukarsa ana saura kwana biyu. Muna shan shayi da shi da mutanen gida bayan la'asar sai iyayi ya motsa min. Na ba su labarin da na karanta a waya: wai masana a ƙasashen waje suna gyara ƙwayoyin halitta masu amfani, irin na cikin nono, su shiga jiki su nemo ciwon daji, fitsari ya nuna.

Baba ya ajiye kofi. "Na cikin nono ka ce?"

"Irinsu dai, Baba. Kuma a jikin ɓeraye aka gwada."

"Halas, shi ke nan! Nono kam muna da shi. Mi za ya kai ni in kwanta, sa'an ɗana shi zura min tiyo?"

Na yi bayani har muryata ta dushe, amsarsa ɗaya: "Kai ka faɗa da bakinka." Mahaifiyata ta shiga dama masa fura da nono safe da yamma. Maƙwabta suka dinga aiko da nasu, wai ɗansa likita ne ya ce. Ni da ko allura ban taɓa yi wa kowa ba! In na kira shi a waya sai ya ce ya duba fitsarinsa, garau yake.

Wata biyar muna wannan ja, sai da ya yanke jiki ya faɗi yana ba audugarsa ruwa. Ciwon dajin ne kuwa. Aka yi aiki, aka sa masa jakar bayan gida a gefen ciki. Likitan ya ce da mun zo a ranar farko, wataƙila da ba a kai ga jakar ba.

Na daɗe ina jin haushin taurin kansa, amma haushin bakina ya fi. Yanzu gaban mara lafiya ba na faɗin abin da ba a kammala ba. Baba ya yi shekara shida bayan aikin. Mutumin da tun tasowata a bayan liman yake tsayawa, har ya rasu a sahun ƙarshe yake salla, dab da ƙofa, don kada wani ya ji wari.