Kaska a Ƙarƙashin Kitso

Tas! Haka kaska take fashewa idan ta ƙoshi da jini aka jefa ta cikin garwashi. Har yau duk lokacin da wuta ta yi irin wannan ƙara, sai zuciyata ta koma rugar Kawu, can bayan Lafagu, ga wani hutu da ban ga ranar da zai fita daga raina ba.

Shekarar da aka samu 'yancin kai ce, damina tana ban kwana. Ina makarantar horon malamai ta 'yan mata, aka ba mu hutu, sai na ɗauki ƙanwata 'yar shekara bakwai muka tafi ganin kakarmu ta wajen uwa. Kaka tana zaune ne wurin Kawu, yayan mahaifiyarmu, wanda ya kafa ruga a gindin wasu tuddai kusa da iyakar Dahome. Ni a lokacin yarinya ce mai mafarki ido biyu. Na zo da sabon littafin rubutu, wai zan cika shi da waƙoƙin tuddai da gajimare. Kawu na ganinsa ya raɗa mini suna Malama, kuma duk sanda ya faɗa sai ya yi dariya.

Muna isa Kaka ta kama kan ƙanwata. Kwana biyu ta yi tana yarfa mata ƙananan kitso, tana shafe shi da man shanu, ta kuma saƙala masa duwatsun ado. A gidansu irin wannan kitso ba a tsefe shi sai ya yi wata, kuma wanda ya taɓa shi ya taɓa Kaka.

Kowace safiya Kawu yakan hura wuta a tsakiyar garke, ya bi shanunsa ɗaya bayan ɗaya yana cire musu kaska yana jefawa a wuta. Akwai wani ɗan maraƙi da ya kwanta, ƙafafunsa na baya suka ƙi ɗaukarsa. Kawu ya lalube shi tun daga kunne har wutsiya, ya gano wata kaska da ta ƙoshi, ya kira ni. "Malama, aje alƙalami ki ga karatunmu. Da farce ake kama ta, dab da fata. Ki ja a hankali, kada ki fizga, in ba haka ba kan ya tsaya ciki." Na ce to, amma gaskiya hankalina yana kan yadda hayaƙi yake ratsa ƙahonnin shanu. Bayan kwana biyu maraƙin ya miƙe.

Kaka ta hana mu hawa tudu mafi tsawo, ta ce yana da masu shi. Ni kuwa ina son in ga wata ƙasa da idona. Wata rana da hantsi na ja hannun ƙanwata muka haye. Ciyawa ta kai mana ƙugu, tana ƙamshin ruwan jiya. A can sama muka kwanta rigingine muna ba gajimare sunaye, muka hango Dahome, ashe ita ma kore ce kamar tamu. Da muka sauko na ga 'yan ƙananan kaska a bakin zanenmu. Na kakkaɓe su na manta.

A rana ta biyar ƙanwata ta fara tangaɗi kamar mai jin barci. Washegari ta kasa tsayuwa. Ba zazzaɓi, ba ciwo, ƙafafun ne kawai suka zama kamar ba nata ba. Kafin azahar ludayi ya suɓuce daga hannunta. Da aka matsa mini na faɗi inda muka je, matan ruga suka haɗa baki suka ce masu tudu ne suka taɓa ta. Hanyar Bagudo, garin da ake samun maganin asibiti, ruwa ya yanke ta, don haka aka yanke shawara gobe da sassafe a ɗora ta a jaki a ƙetara iyaka, wurin wani mai magani da yake ƙona ƙafafun marar lafiya da jan ƙarfe. Na taɓa ganin tabon aikinsa a ƙafar wata mata, ban kuma so in tuna ba. Kawu ya dube ni, wannan karon babu dariya. "Malama, mi littafin naki ya ce yanzu?" Ni na kai ta kan tudun.

Bayan la'asar ina zaune a inuwar bukka, kan ƙanwata a cinyata, sai ga maraƙin nan ya wuce a guje yana tutsu. Ƙanwata ta yi ɗan murmushi ta ce, "Yaya, dubi, shi ya tashi ya bar ni."

Nan take na tuna da kaskar maraƙin, da waɗanda na kakkaɓe daga zanenmu. Na duba kunnuwanta, na duba hammata da bayan gwiwa da tsakanin yatsu, babu komai. Wuri ɗaya ya rage. Na zaro tsinke na fara tsefe kitson daga ƙeya.

"Ke!" Muryar Kaka ce. "Kwana biyu na yi ina wannan aiki! Yarinya tana kwance, ke kina wasa da kanta?"

Ban taɓa mayar wa Kaka magana ba, ko ɗaga ido. Amma ranar na ji bakina yana cewa, "Kaka, ki yi haƙuri. In ban sami komai ba, ki aske nawa kan ƙwal."

A ƙarƙashin layi na uku yatsana ya ci karo da wani abu mai santsi. Ga ta nan, toka-toka, ta kumbura kamar ƙwayar gujiya, ta lafe a cikin man shanu. Kaka ta yi salati. Kawu ya zo ya durƙusa, ya daɗe yana kallo. Na matsa in ba shi wuri, ya girgiza kai. "Ke kika gano ta. Cire." Na kama ta da farce dab da fata, na ja a hankali kamar yadda ya nuna mini. Ta fito har da kai. Na jefa ta a murhu. Tas!

Na roƙi Kawu a jinkirta tafiyar kwana ɗaya tak. Ya ce a mayar da jaki turke. Da gari ya waye ƙanwata ta riƙe ludayi ta sha fura da kanta. Da yamma ta motsa yatsun ƙafa. A rana ta uku na ji guɗa daga bakin garke, na fito da gudu, sai ga ta tana bin maraƙin, tana faɗuwa tana tashi tana dariya, kai rabi a tsefe. Ban san sanda ni ma na rangaɗa guɗa ba, ni da ko magana da ƙarfi ba na yi.

Kawu ya ce, "Tun ina yaro nike duba kunnen saniya, ban taɓa tunanin duba ƙeyar ɗiyata ba." Kaka ta sake kitson, amma manya-manya, da ta gama ta ce, "Malama, zo ki duba mana." Babu wanda ya yi dariya.

Littafin nan ban cika shi ba, amma na dawo da darasin da ya fi waƙa. Ilimin da ya tayar da ƙanwata ba daga ajinmu na kawo shi ba, a hannun Kawu yake tun da can. Abin da na ƙara kawai shi ne na duba inda kowa yake jin nauyin taɓawa. Sai bayan shekaru, ina koyarwa, na ba wata ƙawata ma'aikaciyar jinya wannan labari. Ta aje kofin shayinta ta ce akwai kaska mai dafi a yawunta, kuma shanyewar tana hawa ne daga ƙafa zuwa sama, in ta kai ƙirji numfashi ya tsaya. Ranar nan shanyewar ƙanwata ta riga ta kai hannu. Tafiyar jakin kuwa ta kwana biyu ce.