Agogon Surukina

Surukina Bahaushen Sudan ne. Ya shigo Alƙahira yana saurayi, ya kama tuƙi a wani kamfani a unguwar Mohandessin, bai taɓa sauya wurin aiki ba. Da ya cika shekara ashirin da biyar a bakin aiki aka tara ma'aikata, mai kamfanin ya ɗaura masa agogon zinare da hannunsa, an zana sunansa a baya. Da ƙafa ta fara ba shi wahala aka sallame shi, ba ko sisin fansho. Ni ɗan Maraɗi ne, karatu ya kawo ni, sayar da jallabiya ya zaunar da ni, na auri 'yarsa. Tun da na san shi ban taɓa ganin hannunsa babu agogon nan ba sai in zai yi alwala.

Wata Juma'a bayan La'asar muna gidansa a Abbasiya aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani Bamisire ne mai ƙamshin turare, riƙe da akwatin fata. Ya ce shi ɗan marigayi mai kamfanin ne. Baba, surukin nawa, ya miƙe da ƙyar ya rungume shi, har da ƙwalla.

"Wannan yaron ni nake kai shi makaranta," ya ce mini. "A kafaɗata yake barci."

Baƙon bai tambayi ƙafar ba. Ya buɗe akwatin a kan tabarma: agogo ne jere cikin karammiski, duk irin na Baba. Ya ce tara su yake yi, duk waɗanda mahaifinsa ya raba wa tsofaffin ma'aikata. Wasu a hannun matan mamata ya samo, wasu wurin masu gyara. Ya nuna gurbi ɗaya da ba komai, ya yi murmushi.

Tun shigowarsa "ya Hajj" kawai yake cewa. Sai da Baba ya cire agogonsa ya miƙa masa, ya juya bayan agogon ya karanta, sannan ya kira sunan Baba. A nan raina ya ɓaci. Mutumin da ya share masa majina, sai ƙarfe ya tuna masa sunansa!

Na ce da Hausa, "Baba, don Allah karɓi abinka."

"Ɗan ubangidana ne, kuma a ɗakina yake. Yi shiru."

Baƙon ya ajiye ambulan na kuɗi kusa da faranti. Baba ya tura masa, irin turawar da kowa ya san ta kunya ce, ana jira a nace. Bai nace ba. Ya ce "tamam," wato shi ke nan, ya mayar aljihu, ya rufe akwati. Shayin da matata ta dafa ko kurɓa bai yi ba.

Ba a jima ba matata ta nuna mini hoton agogon a waya. Baƙon ne ya sa a shafinsa, ya rubuta wai ya ceto shi daga wani tsohon gida a Abbasiya kafin ya lalace. Mutane na ta yaba masa.

Washegari na hau mota zuwa kamfanin a Mohandessin. Mai gadi ya tare ni, sakatariya ta sauko ta ce ma'alish, in yi haƙuri, basha, wato maigidan nata, ya yi tafiya, alhali ga motarsa a ƙofa. Na ɗaga murya na faɗi duk abin da ke cikina da Larabci, da Larabcin ya ƙare na ci gaba da Hausa, har aka riƙe ni aka fitar.

Labari ya kai wa Baba. Ya daina amsa gaisuwata. Da ya buɗe baki cewa ya yi, "Kyauta na yi, ka je ka mayar da ni maroƙi." Na durƙusa na ba shi haƙuri don suruki ne, amma zuciyata ba ta sauka ba, har yau ba ta sauka ba.

Da Sallah ta zo Baba ya sa farar jallabiya ya zauna da waya a cinya, wai yaron zai kira ya yi masa barka. Muka ci, muka sha, baƙi suka watse. Wajen Magariba ya ce ƙila lambar ce ta ɓace masa. Na tashi na fita matakala don kada ya ga fuskata.